Sunan Da Ya Gagari Bakin Zalika

Duk wanda ya san garin Tawa ya san cewa da zarar ruwan farko ya sauka, makarantu suka rufe don dogon hutu, sai 'yan Abijan su fara dawowa gida da manyan jakunkuna da turare mai hawa kai. Cikin masu dawowar akwai Abdurazak, ɗan farin Hajiya Hajaratu, wanda ke tsaron shagon kawunsa Alhaji Dodo a can bakin teku wata tara a shekara. Wata ukun da suka rage kuwa, in ka tambayi Rahinatu, nata ne.

Shekara uku ke nan suna soyayya, shekara uku ke nan kuma Hajiya tana jan ƙafa. Ba ta taɓa cewa ba ta son yarinyar ba, Hajiya ba ta irin wannan gangancin. Abin da take cewa kawai shi ne, "Ɗiyar baƙi ta, a bari mu san su tukuna." Mahaifin Rahinatu tela ne mutumin Damagaram, shekararsa talatin yana taka keke a kasuwar Tawa, shi ya ɗinka rabin kayan sallar gidan Hajiyar, amma har yau ba a gama saninsa ba.

Bana dai Abdurazak ya rantse wa Rahinatu. Ya ce kafin a yanke gero, kafin ya koma Abijan, manyansa za su je gidansu da goro.

Shi ya sa Asabar ta zama ranar da Rahinatu ke ƙirgen kwanaki dominta. Abdurazak ya ari doguwar motar wani abokinsa, kowace Asabar sai ya kwashi 'yan gidansu a fita shan iska. An je gonarsu ta Kalfu an gasa masara, an je suna a Takanamat, an je gaida wata tsohuwa a Affala wadda ta riƙe su har la'asar da labarin ciwon gwiwarta. Ƙanwarsa Raƙiya ce ke gayyato Rahinatu a matsayin ƙawarta, don kada Hajiya ta sami abin cewa. Rahinatu malamar firamare ce, ita ma hutu take yi, ba ta taɓa cewa ba ta da lokaci ba.

Abu ɗaya ne ke ɓata mata kowace Asabar, sunan abin Zalika.

Zalika ɗiyar Alhaji Dodo ce, taubashiyar Abdurazak ke nan, kuma ita da Rahinatu benci ɗaya suka zauna tun daga aji na farko na sakandare. Ita ce ma ta haɗa su. Ungozoma ce, doguwa, mai baki kamar reza. Kafin a tada mota ta riga kowa hayewa kujerar gaba, ta miƙe ƙafafu, ta fara.

"Razak mai kunnuwa awa faifai, tada mota mana. Ku gane min mijina na ajiya, ko tuƙi bai iya ba."

Shi kuma ya fizge mata kallabi ya rataye a madubi, ya ce ko kyauta aka ba shi ita sai an haɗa masa da akuya. Mota ta kwashe da dariya. Ta ƙwace masa hula, ta cinye naman da ke gabansa, ta kira sunansa sau ɗari a wuni, kowane kira da zaginsa.

Kowa na dariya ban da Rahinatu. Ita haƙora kawai take buɗewa, kishi na cin ta. Wa zai ce wasan taubasai ya ba shi haushi, a yi masa dariya har shekara ta zagayo? Sau ɗaya ta gwada yi wa Abdurazak ƙorafi, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Haba Rahi, Zalika hwa? Wasa na. Tun muna tsirara muka yin shi."

Daga ranar ta haɗiye. Amma kullum in ta sa goshi a ƙasa sai ta roƙi Allah Ya kawo ranar da bakin Zalika zai mutu.

Ranar ta zo a Asabar ta shida, ranar da aka shirya zuwa tafkin Tabalak cin kifi.

Da hantsi motar ta tsaya a ƙofar gidansu. Rahinatu ta fito cikin atamfa shuɗiya da mahaifinta ya ɗinka mata, riƙe da kwanon dambu, idonta ya fara sauka inda ya saba sauka. Kujerar gaba babu kowa. Tabarmi aka ɗora mata da kular ruwan sanyi.

Zalika na can kujerar ƙarshe, a lulluɓe da wani babban mayafi, kanta a ƙasa.

Wani sanyi ya ratsa zuciyar Rahinatu. Ashe addu'a na ci haka da wuri?

Abin mamaki na biyu na zaune a tsakiyar mota. Hajiya Hajaratu ce da kanta, wadda tun farkon hutu take cewa bayanta ba ya son hanya. Rahinatu ta durƙusa a bakin ƙofa ta gaishe ta.

"Lahiya lau ɗiyata. Ƙaƙa su innarki? Shigo, shigo ki zamna nan kusa gare ni."

Ɗiyata. Shekara uku Rahinatu na jiran kalmar nan. Ta zauna a gefen Hajiya tana jin kamar an ɗora ta a kan gajimare, ta saci kallon madubi don su haɗa ido da Abdurazak kamar yadda suka saba. Shi kuwa hanya yake kallo, alhali ko tada motar bai yi ba.

Sun fita gari sun hau kwaltar Agadas. Gero ya yi kore shar dama da hagu, ya kai ƙirjin mutum, mata na tafe a gefen hanya da ƙoren nono a kai. Raƙiya na ta surutu da wasu 'yan uwa biyu da aka taho da su. Can motar ta faɗa wani rami, kowa ya yi sama ya dawo.

Rahinatu ta jira. A nan ne Zalika ke cewa a sauke ta ta hau jaki, jaki ya fi Razak hankali.

Maimakon haka, sai wata siririyar murya ta fito daga baya.

"Raƙiya, ce ma yayanki shi rage gudu, saboda bayan Gwaggo."

Raƙiya ta isar da saƙon ba tare da ta yi dariya ba. Abdurazak ya rage gudu. Hajiya ta gyara zama tana wani ɗan murmushi.

Rahinatu ta ce a ranta ƙila faɗa suka yi. Ta so ta ji daɗi, amma daɗin ya ƙi zama.

Tafkin ya cika ya batse, ruwan ya shanye gindin itatuwa har ya kusa taɓo hanya. Masunta na jawo jirage, Buzaye mata na zaune a inuwa da cuku jere a kan tabarma, raƙuma na shan ruwa daga can nesa. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin wata babbar bagaruwa. Mai kifi ya zo da tarwaɗa da karfasa a daro, ya dubi Zalika don ita ta saba yin ciniki.

"Ku tambayi mai motar," ta ce, ta juya baya.

Yayanki. Mai motar. Rahinatu ta fara ƙirgawa ba da son ranta ba, kamar yadda take ƙirga 'yan ajinta da safe.

Da aka gasa kifin aka zuba a faranti, Hajiya ta ce 'yan mata su matso. Zalikar da tun tana yarinya take cusa hannu a kwanon gwaggonta, ta ɗebi ɗan kaɗan a murfin kwano ta zagaya bayan mota.

"Ku ƙyale ta," in ji Hajiya, muryarta cike da jin daɗi. "Ɗiya mai kunya ta."

Rahinatu ta mayar da lomarta cikin faranti. Zalika ce mai kunya? Zalikar da ta taɓa ɓoye takalmin Hajiya don a ba ta cinyar kaza?

Mace ba ta jin kunyar ci a gaban gwaggonta. A gaban uwar miji ake wannan. Taubashiya kuma ba ta rasa bakin kiran sunan taubashinta, shi ne ma abincinta. Mata biyu ne kawai sunan namiji ke yi wa nauyi a baki: uwar da ta haife shi ɗan fari, da matar da aka ba shi. Hajiya tun da ta haifi Abdurazak ba ta taɓa furta sunansa ba, "mutumin Abijan" take ce masa. To ita Zalika fa?

Ita kanta Rahinatu ta daɗe tana shirin ranar da sunan zai fi ƙarfin bakinta. Har ta zaɓi wanda za ta maye gurbinsa da shi. Bara, suna kwance a ɗakinta da rana suna cin gyaɗa, ta rufe fuska ta faɗa wa Zalika, ita kaɗai a duniya: in aka ɗaura, Na-Damina za ta riƙa ce masa, tunda da ruwan sama yake zuwa. Ko shi mai sunan bai sani ba. Ajiye shi ta yi, kamar sabon zane a ƙasan akwati.

Ta tura farantin gefe. A'a, zargi ne kawai. Shaiɗan ne.

Bayan azahar samarin suka kafa shayi a gefe. Abdurazak ya tafi bakin ruwa shi kaɗai yana jifa da tsakuwa. Aka miƙo kofin farko wajen mata, Zalika ta karɓa ta miƙa wa Raƙiya, ta yi ƙasa da murya. Amma kunnen mai kishi ba ya barci.

"Kai ma Na-Damina nashi, kada shi huce."

Rahinatu ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Ta ji kanta tana cewa, da wata murya mai laushi da ba tata ba, "Zalika, taho raka ni in wanke hannu."

Suka bi gefen ruwa har suka wuce inda ake jin muryar mutane, suka tsaya bayan wani jirgi da aka kife. Rahinatu ta juyo.

"Wa kic ce a kai ma shayi?"

Zalika ta dafe baki. Sai yanzu ta ji abin da ta faɗa.

"Rahi, wallahi suɓuce min yay yi."

"Ban tambaye ki ƙaƙa yaf fito ba. Wa kika nuhi? Hwaɗi sunanai."

"Kin san wanda nika nuhi."

"Na sani. So nika in ji ga bakinki. Sati shida kina kiran sunan nan awa mai tallar fura, yau mi ya kama harshenki? Hwaɗi. Ki haɗa da kunnuwan ma in kina so, yau ni zan yi dariya."

Leɓen Zalika ya motsa. Ta kalli ruwa, ta kalli ƙafafunta. Sai hawaye suka zubo, manya, suka jiƙa bakin mayafin.

"Ba ni iyawa."

Rahinatu ta dafa jirgin.

"Tun yaushe?"

"Ran Talata Baba ya kira Gwaggo daga Abijan. Ya ce shi ya riƙe yaron tun rasuwar ubanai, shi ya koya mai kasuwa, yanzu shina so shi cika alherinai. Ya ba shi ni. Gwaggo ta amsa tun bai ida magana ba."

"Ke kuma kinka ce mi?"

Zalika ta shiga murza bakin mayafinta.

"Zalika, ke ba yarinya ba ta. Shekarunki ashirin da biyar, da aikinki, da bakinki da duk Tawa ka tsoro. In kin ce ba ki so, babu mai ɗaure ki. Mi kinka ce?"

"Ban ce komi ba."

"Don mi?"

Zalika ta ɗago. Idanunta sun yi ja, amma ba ta kauda su ba.

"Don ina so nai, Rahi. Tun ban san mi a so ba."

Da mari ta yi mata da ya fi sauƙi. Rahinatu ta yi wata 'yar dariya mara daɗin ji.

"Ke kinka kawo shi gidanmu. Ke kinka ba shi lambata. Ke ka kai min saƙonai lokacin da Baba ya hana ni waya."

"Na ɗauka in nig gane shi da wata, zuciyata za ta haƙura. Nic ce in dai sai wata ta samu, to ke ki samu. Wallahi da gaskiya niy yi. Shi bai taɓa kallona awa macce ba, abin wasa ɗai ni gare shi. To mi ar rage min in ba wasan ba? Nan ɗai nika iya ce mai mijina gaban kowa, a yi dariya, in koma ɗaki in yi kuka." Ta share fuska da bayan hannu. "Duk ran da nih hwaɗi, kowa na dariya, ke ɗai ba ki yi. Ke ɗai ka jina, Rahi. Na san kina ji."

"Ina ji, ina ce ma kaina ni ce mai mugun zato. Har istigfari nika yi saboda ke." Rahinatu ta matso kusa da ita. "To na ji, an ba ki shi. Uwa taku, kawu naku, mota taku. Sunan hwa? Shi ma Baba ya kira daga Abijan ya ba ki? Abu guda nib ɓoye ma kaina, guda ɗai, na hwaɗa miki kan gadona. Ko ɗanɗana shi ban yi ba, kin riga ni sa shi ga baki."

"Kwana huɗu ina neman abin da zan ce mai, ban samu ba. Ko ina nij juya, shi ka zo min."

"Don ya dace da shi. Ni na san ya dace, shekara guda ina gwada shi gaban madubi."

Nan kukan ya ƙwace mata. Ta tsugunna a jikin jirgin ta rufe fuska da atamfar da ubanta ya kwana biyu yana yi wa ado. Zalika ta miƙo hannu za ta taɓa kafaɗarta, ta kauce.

"Shi ya sani?"

"Tambaye shi."

Ba sai ta neme shi ba. Da ta ɗago, Abdurazak na tsaye 'yan taku kaɗan daga wurin, da kofin shayi a hannu, bai sha ba. Zalika na ganinsa ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta raɓa ta wuce da sauri. Wannan rufe fuskar ta ƙona Rahinatu fiye da duk abin da ta ji.

"Rahi..."

"Tun yaushe kas sani?"

"Ran Laraba Inna ta kira ni ɗaki."

"Laraba." Ta miƙe tana ƙirgawa da yatsu. "Laraba ka kira ni, kac ce in yi dambu. Alhamis ka kira ni, munka yi awa guda kan ko tarwaɗa ta hi karfasa daɗi. Jiya ka kira ni kac ce in sa shuɗi. Na sa. Ga ni. Ka kawo ni in zamna kusa ga Inna tana ce min ɗiyata, ina murna awa wawuya, ashe sallama ta aka yi."

"Ban amsa ba, Rahi. Wallahi ban amsa ba."

"Ka ƙi?"

Ya sunkuyar da kai. "Kawu na. Ina da shekara tara Baba ya rasu. Shi ya kai ni lakwal niy yi boko, shi ya ɗauke ni Abijan, ga tabarmatai nika kwana. Ƙaƙa zan buɗe baki rana guda in ce mai ban son ɗiyatai? Lokaci nika nema. Ba a ɗaura komi ba, ko goro ba a raba ba. Ke nika so, kin sani, ko ita ta sani."

"Ita wa?"

"Ita mana."

Rahinatu ta tsaya cak. Ta dube shi tun daga hula har takalmi, kamar yau ta fara ganinsa.

"Tun sahe ban ji ka kira ta ba."

"Rahi, mi ya kawo wagga magana kuma?"

"Asabar da ta wuce, ga hanyar Affala, sau nawa kac ce Zalika mai bakin agwagwa? Ni na ƙirga, sau tara. Kullum ina ƙirgawa, kai ba ka sani ba." Ta goge hawayenta, muryarta ta daidaita. "Ba ni ce maka ka yi hwaɗa da Kawu yau ba. Ba ni ce ka saɓa ma Inna ba. Abu guda nika so, ƙarami, wanda kaka yi tun kuna tsirara. Tahi can gaban Inna, ka kira ta da sunanta, ka fizge kallabin nan, ka ce ko kyauta sai an haɗa maka da akuya. Kowa zai gane amsarka ba tare da ka yi ma kowa rashin kunya ba. Wasa na, ko ba kai kac ce ba? In ka yi, ni Rahinatu zan jira ka, ko damina nawa ta."

Ita da ta yi sati shida tana roƙon Allah Ya kashe wasan nan, yau ita ce ke roƙon a tashe shi.

Abdurazak ya ajiye kofin a kan jirgi. "Shi ke nan abin da kika so?"

"Shi ke nan."

"To taho ki gani."

Ya juya da ƙarfinsa, tana biye da shi a baya. Gabas ta fara haɗa hadari, iska na kaɗa ganyen bagaruwa, masu cuku na naɗe tabarminsu. A ƙarƙashin itacen kowa na zaune. Zalika na durƙushe a gefen Hajiya tana ɗaure mata kwanon kifin da za a kai gida.

Ya tsaya a kansu. Surutu ya ɗauke. Raƙiya ta kalli yayanta, ta kalli Rahinatu, ta sunkuyar da kai, alamar ita ma ta kwana da sanin komai.

Hannunsa ya ɗaga, ya nufi kallabin.

Hajiya carbinta kawai ta daina ja, ta ɗago ta dubi ɗan da ba ta taɓa kiran sunansa ba, kallo ɗaya, mai sanyi.

Hannun ya tsaya a iska. Ya buɗe baki, harafin farko har ya fito, wani ɗan "Za" da iska ta kwashe. Sai hannun ya koma kan hularsa ya gyara ta, alhali ba ta karkace ba.

"Raƙiya," ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "ce ma... ce ma 'yar uwarki ta yi sauri da kwanonin. Hadari ya taso."

Hajiya ta ci gaba da jan carbinta.

Babu wanda ya kalli Rahinatu, kuma wannan ne ya nuna mata cewa kowa ya gani. Ta sunkuya ta ɗauki kwanon dambunta. Ko rabi ba a ci ba. Ta rufe shi da kyau, ta ɗaure da ƙyalle, don hannuwanta su sami abin yi.

Da aka zo shiga mota, ta nufi tsakiya inda ta zauna da safe, sai Hajiya ta dafa hannunta.

"A'a ɗiyata. Ku kwashe tabarmin nan, ta shiga gaba. Baƙuwarmu ta, a kyautata mata."

Haka Rahinatu ta sami kujerar da ta yi sati shida tana hararar mai ita. Kujera ce kamar kowace, har da wani ƙarfe da ke sukar baya. Ruwa ya tsuge tun kafin su hau kwalta. Tafiyar kusan awa guda babu mai magana, sai ƙarar abin share gilashi. Abdurazak na gefenta, kusa har tana jin turarensa, sau biyu yana juyowa kamar zai yi magana, sau biyu tana maida fuska ga taga. A madubin cikin motar tana hango Zalika can baya, ta jingina kai da kafaɗar Raƙiya tana kuka marar sauti. Ko kukan ma Rahinatu ta ji kishinsa, don ita Zalika tana da kafaɗar da za ta jingina a motar nan.

La'asar sakaliya suka tsaya a ƙofar gidansu. Ruwan ya tsagaita. Ta cikin zaure ana jin ƙarar keken mahaifinta, yau a gida yake aiki. Ta san abin da yake ɗinkawa. Farar shadda ce da ya saya tun watan jiya, ya ce ta ranar da baƙi za su zo da goro ce.

Ta sauko, ta zagaya ta durƙusa ta yi wa Hajiya sallama yadda ya kamata. Ta yi wa Raƙiya. Sannan ta dawo saitin tagar direba.

"Rahi, zan kira ki," ya ce a hankali. "Ki ba ni kwana biyu. Don Allah."

Ta dube shi. Ta dubi uwarsa, ta dubi mai mayafin da ke kujerar ƙarshe. Sai ta ɗaga murya daidai yadda kowa zai ji, ba tsawa, ba rawa, ta furta shi cikakke tun daga farko har ƙarshe.

"Na gode da kihi. Sauka lahiya, Abdurazak."

Ta ga yadda ya runtse ido kamar an watsa masa ruwan zafi.

Sai da ta shiga zaure ta jingina da bango, kwanon dambu rungume a ƙirjinta, sannan ta gane abin da ya fi komai ciwo. Cikin mata ukun da ke son sa a motar nan, ita kaɗai ce sunan bai yi wa nauyi ba.

Keken ya tsaya. Daga ciki mahaifinta ya ɗaga murya cikin fara'a.

"Rahinatu, ke ce? Zo ki ga wuyan rigar nan, ki faɗa mini ko zai yi wa surukai."